Saƙon da Na Aika wa Baba da Zuci

Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah. Ba faɗa muka yi ba. Ni ce 'yar fari, shi kuma mutumin cikin gari ne irin na da, ya tashi ya tarar ana jin kunyar ɗan fari, ya riƙe abin da hannu biyu. Idan zai ambace ni sai ya ce "waccan", ko "ta wajen Inna". Idan ta kama dole ya sa ni wani abu, sai ya dubi bango ya ce, "A kawo ruwa." Tun da aka yaye ni aka kai ni Dukawuya wajen mahaifiyarsa, wadda kowa yake kira Inna, shi kuma yana can wajen Ƙofar Ruwa da Umma da ƙannena.

Na san al'ada ce, an faɗa mini ya fi a ƙirga. Amma sanin bai hana ni jin haushi ba. Ƙanwata mai bi mini takan haye cinyarsa, ta ja masa gemu, ta zura hannu a aljihunsa ta ciro dabino, yana kiran sunanta har da na wasa. Ni kuwa sai in durƙusa daga nesa in ce, "Ina wuni, Baba," ya ce, "Lafiya," shi ke nan an gama. Ina da zuciya tun ina ƙarama, Inna ta ce wajenta na gado, don haka in na dawo gida kwanukan wanke-wanke ne suke shan wahala. Abin da nake so in sani guda ɗaya ne: mutumin nan ya ma san ina duniya kuwa?

Baba malamin makaranta ne, amma abin da aka san shi da shi a unguwa shi ne rubuta wa gidan talabijin wasan kwaikwayo. Nasa ba irin na rigimar gado ko cutar 'yan kasuwa ba ne. Shi mutanen wata duniya yake kawowa, da na'urori, da zamanin da bai zo ba tukuna. Akwai wanda baƙi suka taso daga wani tauraro, jirginsu ya lalace ya faɗo bayan ganuwa. Bahon wanka biyu aka kife aka shafa musu fenti, kowa ya gane, amma ba wanda ya fasa jin tsoro. Akwai na likitan da ya ƙera hula mai wayoyi, wadda take sa a ji abin da yake zuciyar mutum. Akwai wanda ruwa ya cinye Kano bayan ɗaruruwan shekaru, mutanen da suka rage suka koma zama a kan Dala suna kamun kifi.

Labaran sun sha bamban, amma abu ɗaya ba ya fita a cikinsu. Ko'ina sai ka tarar da mutum biyu da suke magana ba tare da sun buɗe baki ba. Kusan kullum dattijo ne da yarinya. Kuma kusan kullum da wani abu a tsakaninsu, bango ko kogi ko ƙofar ƙarfe. Sai a nuno fuskar dattijon, leɓensa a rufe, a ji muryarsa tana amsa kuwwa. Daga baya na ji cewa mai wasan ne yake zura kansa cikin bokitin ƙarfe ya yi maganar a ɗauka. Sai a nuno yarinyar ta haɗa gira, ta riƙe numfashi, ta ba shi amsa ta cikin bokitin ita ma. Bayan rasuwarsa na zauna da akwatin takardunsa na karance su kaf, na samu mutum biyun nan har a cikin wani wasa na injin yin ruwan sama, inda babu abin da ya kai su.

Mutane sun lura da maganar zucin, suna kuma tsokanarsa. Alhajin da yake maƙwabtaka da Inna, wanda a soronsa muke kallo, yakan ce, "Malam, kai dai ba ka gajiya da mutanen nan naka masu rowar baki." Limamin unguwa ma ya taɓa tare shi bayan la'asar ya ce Allah kaɗai ya san abin da yake cikin ƙirji. Baba ya ce, "Haka yake, Malam, shi ya sa na kira shi wasa." A mako na gaba sai ga dattijon wasan ya fara da "da izinin Allah" kafin ya aika saƙonsa, kuma liman bai sake magana ba.

Abin da zan faɗa ya faru ne a shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, karo na farko da na yi wayo na gani. Garin ya cika da surutu. Motoci masu lasifika suna kutsawa har lungunan da mota ba ta saba shiga ba, kowane soro ana musu, wa da ƙani sun daina cin abinci tare saboda jam'iyya. A wannan hayaniyar aka fara nuna wasan hula mai wayoyi, sai mutane suka ce ai da 'yan siyasa Baba yake. Wani tela yakan ce, "Allah ya kawo ranar da za a ɗora wa ɗan takararmu hular nan mu ji gaskiya." Baba dai murmushi kawai yake yi, bai ce eh ba bai ce a'a ba.

Ran Alhamis ake nuna wasan, da misalin biyar na yamma, in an kawo wuta. Alhaji yakan sa a fito da talabijin ɗin a ɗora kan tebur a soro. Mu yara mu zube a tabarma a gaba, manya su zauna a benci a baya. Baba yana da talabijin a gidansa, amma kowace Alhamis sai ya zo gaishe da Inna, daga nan ya shigo soron Alhaji, wai yana so ya ga yadda mutane suke karɓar abin. Ba ya zama. Can baya yake tsayawa jikin ƙofa. Ni dai farar rigarsa nake hangowa, in kuma jiyo tarinsa da na sani.

Ina aji biyar a lokacin, kuma a shekarar ne allon makaranta ya fara guje mini. Da farko ƙananan haruffa ne suka haɗe. Daga baya duk abin da Malama ta rubuta sai ya zama fari-fari kawai a kan baƙi. Ga ni da tsawo, sai ta mayar da ni bencin baya. Na koma leƙen littafin ta kusa da ni, ita kuma ta kai ƙarata wai satar amsa nake yi. Na sha bulala a tafin hannu kan laifin da ban yi ba, kuma taurin kai ya hana ni cewa komai a gaban 'yan aji. Ni da nake cikin na gaba-gaba, sai ga ni ina gangarowa kusan ƙarshe.

Na faɗa wa Inna. Ta riƙe haɓata, ta buɗe idon da yatsa ta duba, ta ce, "Ga ido fari tas, me ya same shi? Boko ne ya yi miki yawa." Ta rambaɗa mini kwalli, ta ce in daina karatu da rana tsaka. Umma kuwa ba a ma maganarta, kunyarta ta fi ta Baba, in na shiga ɗaki fita take yi. Saura Baba. Shi ne ya san makaranta, shi ne ya san asibiti. Amma ta ina zan fara? Wanda ba a haɗa ido da shi, yaya za a tsaya a gabansa a ce masa ido ba ya gani?

Wata Alhamis ina kallon yarinyar wasan tana haɗa gira, sai dabara ta faɗo mini. Na ce a raina, mutum ba zai yi ta rubuta abu shekara da shekaru bai iya shi ba. Lalle Baba ya san yadda ake yi. Wataƙila ma jira yake in fara. Nan take na rufe baki gam, na riƙe numfashi, na tattara duk ƙarfina na tura can wajen ƙofa: Baba, ba na ganin allo. Na maimaita sau uku, har kaina ya fara juyawa. Ban manta da "da izinin Allah" ba, don kada a ce ban cika sharaɗi ba.

Na jira amsa. Na ji ya yi tari sau ɗaya, na ce ko ita ce. Aka tashi, ya yi wa Alhaji sallama, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Haka na yi ta yi duk Alhamis. Ina kallo ina aikawa. A tsakanin nan talabijin ɗin ma ta fara yi mini nisa, sai nake matsawa gaba kaɗan-kaɗan, daga tsakiyar tabarma zuwa bakinta, daga bakinta zuwa gindin tebur. Yara suna ta ƙorafi, "Ke, kanki ya tare mana." In juyo in ce wanda ya isa ya zo ya ɗaga ni. Ba wanda ya zo, don sun san ni. Na gwada aikawa daga gida ma, da safe in na fuskanci wajen Ƙofar Ruwa, sai na ga kamar nisan ya yi yawa, ga katangu barkatai a hanya.

Mako ya bi mako, shiru. Ranar da aka ba mu sakamakon jarrabawa na ga inda na faɗo, sai zuciyar nan tawa ta tashi. Alhamis ɗin na zauna a gindin tebur na aika masa abin da ban taɓa tunanin zan iya ba. Na ce, Baba, kana ji ka yi shiru. Da ƙanwata ce da tuni ka ɗauke ta a kafaɗa ka kai ta. Ka iya sa dattijon ƙarya ya ji 'yar ƙarya, taka ta gaske kuwa ko oho. Ina gamawa tsoro ya kama ni. Na yi ta istigfari har aka tashi, washegari kuma na ba wata tsohuwa ƙosan karin kumallona sadaka, ko Allah zai sa saƙon ya ɓata a hanya.

Daga ranar na daina aikawa. Na yanke cewa ɗayan biyu ne, ko ba ya ji, ko yana ji bai damu ba. Na biyun ya fi yi mini ciwo, kuma shi na fi yarda da shi. Na shiga bayan rumbun Inna na yi kuka mai isata, na fito na wanke fuska, na ce ai ba a kaina aka fara zama 'yar fari ba.

Ran Asabar da hantsi ina shara na ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida. Ba ranar zuwansa ba ce. Ya shigo ya durƙusa ya gaishe da Inna, sannan ya dubi tulun ruwa ya ce, "Inna, a ce wa waccan ta shirya. Za a je asibitin ido."

Inna ta ce, "Wa ya ce maka idonta yana ciwo?"

Ya ce, "Ba wanda ya ce."

Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Ashe saƙon ya isa. Ashe duk sun isa, har da na ƙarshen nan. Na shiga ɗaki na sa kayan sallata, rabi murna rabi fargaba.

Ban taɓa hawa babur ɗin nan ba sai ranar. Na hau baya na rasa inda zan riƙe, sai na kama ƙarfen kujera. Bai juyo ba, ya ce, "A riƙe riga." Na damƙi gefen rigarsa da yatsu biyu. Tana ƙamshin turare da alli. Muka ratsa Gwale, muka bi ta cikin motocin siyasa da tutocinsu, ana ta kiɗa ana ihu, ni kuwa ina ta ƙoƙarin kada in yi tunanin komai, tunda ga kaina dab da bayansa.

A asibitin akwai layi a gaban tagar da ake yankar kati. Da muka iso, ma'aikacin ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Sunan yarinya." Baba ya sa hannu a aljihu ya ciro wata 'yar takarda a ninke ya miƙa masa. Ma'aikacin baƙo ne a garin, bai gane ba. Ya ce, "Malam, faɗa kawai za ka yi in rubuta." Baba ya ƙara tura takardar. Wata dattijuwa da take bayanmu a layi ta ce, "Ɗan nan, karɓi takardarka. Ba ka ga 'yar fari ba ce?" Mutane suka yi dariya, ma'aikacin ya karɓa yana girgiza kai. Da ya gama kwafa ya turo takardar tare da katin, Baba ya miƙo mini su ta gefe. Na kai ta kusa da hanci na karanta. Sunana ne, cikakke, da rubutunsa mai kyau na malaman da. Tun daga gida ya rubuto, ya san za a tambaya.

Muka zauna a benci, da tazarar mutum ɗaya a tsakaninmu. Da ma'aikaciya ta leƙo ta kira sunana, kafin in motsa har ya miƙe.

Likitan ya zaunar da ni ya nuna mini wani allo mai haruffa a jikin bango. Na karanta babban na sama, na yi cacar na biyu, na uku kuwa na ce masa ni ban ga komai ba. Ya yi ta sa mini gilasai a wani ƙarfe mai nauyi yana cirewa, har haruffan suka tsaya cak. Sannan ya juya ya tambayi Baba, "Tun yaushe abin ya fara?" Na buɗe baki zan amsa, sai na ji Baba ya ce, "Tun kafin azumi. Amma bayan salla ya fi tsananta." Daidai. Ko ni ba zan faɗa fiye da haka ba. Nan na gama sakankancewa, mahaifina yana jin maganar zuci.

Aka ce sai bayan mako biyu tabarau zai fito. A cikin kwanakin na kasa riƙe abin, na raɗa wa Inna muna tsince shinkafa. Na ce, "Inna, kin san Baba yana jin abin da mutum yake faɗa a ransa?" Ta yi dariya har ta share hawaye da bakin zane. Ta ce, "Da yana ji, da ya ji abin da nake cewa kan askin nan da ya ƙi yi." Na ce to yaya aka yi ya sani? Ta ce, "Ga ki ga shi, ƙawata, tambaye shi mana." Ta san ba zan iya ba, shi ya sa ta faɗa. Na tura baki na ci gaba da tsintar shinkafa.

Ran wata Alhamis ya kawo. Ya ajiye ɗan akwatin a kan tabarmar Inna ya ce, "Ga na waccan," ya fita zuwa soron Alhaji. Na buɗe, tabarau ne mai baƙin mariƙi da gilashi mai kaurin gaske, ba kyau ko kaɗan. Na sa. Darbejiyar tsakar gidanmu, da na saba gani dunƙule guda, sai ga ganyenta ɗaya-ɗaya, kowane da bakinsa. Na ga tururuwa tana hawa bango daga inda nake zaune. Na juya na dubi Inna na ce, "Inna, ashe haka kika tsufa?" Ta jefo ni da mafici ta ce in cire in ba ta abinta tunda rashin kunya aka sayo mini.

Na shiga soro an kusa farawa. Yara suka yi caa, mai ido huɗu, mai ido huɗu. Na ce su bari a tashi za su ga mai hannu huɗu. Ban je gindin tebur ba, na zauna a tsakiyar tabarma kamar kowa, kuma ga hoton nan tar, har wayoyin hular ina iya ƙirgawa. Aka nuno dattijon a bayan ƙofar ƙarfe, aka nuno yarinyar tana haɗa gira. Sai na ga ya kamata in yi godiya, in kuma ba da haƙuri kan wancan saƙon. Na rufe baki, na riƙe numfashi, na ce, Baba, na gode, ka yafe mini. Sannan na waiwaya in ga ko ya isa.

Wannan ne karo na farko da idona ya kai har ƙofar soron. Na ga manya a benci, kowa fuskarsa tana wajen talabijin, tela ya saki baki, Alhaji ya tsaya da goro a hannu. Na ga Baba a tsaye a inda yake tsayawa. Shi ba talabijin yake kallo ba. Ni yake kallo. Kuma ba kallon wanda idonsa ya faɗo a kaina yanzu ba ne, kallo ne na wanda ya daɗe yana yi, ya jingina da bango, kansa a ɗan karkace, fuskarsa a sake yadda ban taɓa ganinta ba. Bai yi zaton zan iya hango shi ba, ya saba ba na iyawa. Muka haɗa ido. Ya yi sauri ya kawar da kai, ya kama gyara hularsa, ya yi tarin da babu shi.

Shi ya rubuta wasan, ya san kowace kalma a ciki, ga talabijin a ɗakinsa. Babu abin da zai taso shi daga Ƙofar Ruwa duk Alhamis ya tsaya awa guda a kan ƙafarsa don ya ga hula mai wayoyi. A nan tsaye ya ga lokacin da na fara ƙanƙance ido, ya ga na bar tsakiyar tabarma, ya ga na kai gindin tebur. Gilashin ya yi hazo, na cire na goge da bakin mayafi na mayar. Na so shi a lokacin, so mai tsanani, har na ji tausayinsa.

Na juya na fuskanci talabijin, na gyara ɗaurin kallabina, na miƙe bayana na zauna sosai. Ban sake waiwayawa ba, ranar da duk Alhamis ɗin da ta biyo baya, don kada in hana shi kallonsa.